Sifilin Mushe Tanimu

Kun sha ji a bakin gwaggwanninku cewa ubanku ya maimaita aji a jami'a saboda ƙwallo da yawon silima. Ban taɓa musawa ba, har nakan taya su dariya. Ƙwallo kam na buga, ba don na iya ba. Silima kuwa sau uku na shiga a duk zamana na Yamai, biyu a ciki barci na yi. Abin da ya sa na maimaita shekarar ƙarshe daban ne, kuma an ɗaure mini baki a kansa har sai ranar da aka binne ta ƙarshe cikin wasu mata na unguwarmu a Matameye. A ranin da ya wuce aka binne ta, Allah ya jiƙanta. Don haka ku gyara zama, yau zan faɗa.

A sashen nazarin harsuna nake, inda ake koya mana yadda sauti ke fita daga baki da yadda ake jera jimla. Mu a ganinmu mun fi kowa tsira, don lokacin na soja ne, mutum ba ya ambaton siyasa sai ya waiga hagu da dama. Kwatsam a shekarar lisansi, wadda ita ce ta ƙarshe, aka liƙa mana wani darasi na dole mai suna Al'umma da Siyasa, aka kuma ba shi nauyin maki fiye da kowane darasi. Muka yi ta gunaguni. Mai koyar da shi Mushe Tanimu ne, don mu a nan haka muke kiran malamin boko, mushe. Gajere ne siriri, da riga ruwan ƙasa wadda muke rantsuwa ita kaɗai gare shi, da wani tsohon mobilet da ba ya tashi sai an tura. Ranar farko ya shigo ba littafi ba takarda, ya ɗare gefen tebur, ya ɓare goro, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya.

“Wa ke raba nama a gidanku ranar Layya?”

Muka fashe da dariya, shi ko gezau. Awa biyu cur muka yi a kan ragon Layya: wa ke yanka, wa ke rabo, wa ake kai wa cinya, wa ke ƙarewa da kayan ciki, kuma wa ke da bakin cewa an yi masa kaɗan. Kafin mu fita, dariya ta ƙare, kowa yana tunanin gidansu. Daga ragon nan ya ja mu a hankali, mako bayan mako, zuwa sarauta da haraji da zaman Turawa da kotu da gwamnatin da muke ciki, ba tare da ya taɓa ɗaga murya ba. Ban taɓa ganin mutum mai son sani kamarsa ba. In ɗalibi ya fara ba da labarin garinsu, sai ka ga Mushe ya manta da goron da ke bakinsa. Wata rana wani mai ƙarfin hali ya tambaye shi me ya haɗa masu nazarin harshe da duk wannan.

“Gobe ku ne tafintoci, ku ne malamai, ku ne masu magana a rediyo,” in ji shi. “Talaka zai yi magana, ta bi ta bakinku kafin ta kai kunnen mai mulki. In ba ku san wa ke sama wa ke ƙasa ba, za ku zama bakin na sama ba tare da kun sani ba.”

Makin darasin ya rataya ne a kan aiki guda. Kowa ya koma garinsu ya rubuto yadda ake yanke shawara a unguwarsu, cikin harshen mutanen. Ya kuma kafa doka wadda ya ce ko ɗansa ne ba zai sassauta ba: kafin ka kawo masa, sai ka tara waɗanda ka rubuta a kansu ka karanta musu da babbar murya, su ce sun yarda. Dalilinsa shi ne duk aikin da ya yi kyau, yakan sa a buga shi ƙaramin littafi, a rarraba wa azuzuwan yaƙi da jahilci, inda manya ke koyon karatu da Hausa. Akwai irin ajin nan a garinmu, bayan kasuwa, kuma maza ne ke cika shi.

A hutun Disamba na zo gida, na sa wandona mai kari, na nufi zauren mai unguwa. Na sha fura, na gaida liman, na cika shafi goma sha biyu da yadda mai unguwa ke sasanta rikicin gona da na aure. Na karanta musu, suka ce madalla, ai sun ma fi haka. Na koma Yamai ina taƙama. Bayan kwana biyu Mushe Tanimu ya kira ni biro ɗinsa, wato ofishinsa, ga takardata a gabansa ko ɗigon jan biki, wato alƙalami, babu.

“Isufu, maza nawa ka tarar a unguwar?”

“Tsofaffi ne, Mushe. Sauran sun tafi cin rani Najeriya.”

“Wata nawa suke yi a can?”

“Shida, wasu bakwai.”

“To, a wata bakwai ɗin nan unguwar mutuwa take yi har su dawo? Kafin ka isa zauren mai unguwa, mutum nawa ka tsallake?” Ya turo mini takardar. “Koma. Ka zauna inda za ka gaji da zama.”

Na fita ina huci. A raina na ce wannan ɗan tsurut ɗin da bai taɓa taka Matameye ba shi zai koya mini gidanmu.

A nan dole in gaya muku yadda gidan yake, don ku ba ku tarar da shi ba. Kakanku, Baba, manomi ne da damina, da rani kuma ɗan ga-ruwa ne a Kano: sanda a kafaɗa, garwa biyu cike da ruwa, daga asuba har la'asar. Shekara ashirin da wani abu yana yi. Da kafaɗar nan aka yi mini lakwal tun daga ajin farko. In an gama kaka, kowane magidanci yakan ɗaure geronsa dami dami, ya jera a rumbu yana ƙirgawa, ya kifa jinka a kai, ya ɗaure ta da igiya da irin ƙullinsa. Sai ya auna wa mace abin da za a ci, ya ce sauran zai aiko, ya kama hanya. Rumbun nan ba a buɗe shi sai ruwa ya sauka, don da shi za a ci a yi noma. Mace kuwa ba ta leƙa rumbun mijinta. Ba ƙaramin abu ba ne a lokacin, an sha sakin mace a kan haka, kuma duk garin zai ce mijin ne da gaskiya. A shekarar nan, kafin in tafi Yamai, Baba ya kira ni gindin rumbu yana murza kafaɗa.

“Bana ce ta ƙarshe, in Allah ya yarda. Baɗi kana ɗaukar albashi, ni kuma in jingine sandar nan.”

Hutun Afrilu na dawo, ana tsakiyar zafin bazara. Don in nuna wa Mushe ba shi da gaskiya, na yi abin da ya ce: na zauna cikin gida, na gaji da zama. Kwana uku ban ga komai ba sai daka da wanki da kukan awaki. Abu ɗaya ne ya tsaya mini. Na ga awon da Baba ya bari da idona a Disamba, na san ba zai wuce wata biyu ba, na kuma san saƙonsa bai zo ba tun watan jiya. Amma kullum ga tuwo, ga fura. Na tambayi kakarku, Inna. Ni ne ɗan farinta, ba ta kiran sunana, ba ta kuma cika kallon idona ba.

“Kai, ci ka yi shiru.”

Rana ta huɗu da hantsi ina kwance a ɗakin da ke jikin rumfar tsakar gida, sai mata suka fara shigowa, kowace da ƙwaryar gyaɗa, wai ɓara za su yi. Inna ta ɗauka na fita. Na ji abin da ya sa na tashi zaune, na jawo kaye, littafin rubutuna, da biki. Ba zan ƙawata muku ba, laɓe na yi musu. Kwana uku ina laɓe.

Su goma sha ɗaya ne, matan gidajen da mazansu ke Najeriya. Gyaɗar ana ɓararta da gaske, amma shawara ake yi. In awo ya ƙare a unguwa, sukan zaɓi rumbun da za a buɗe a makon, bi da bi. Akwai wata tsohuwa, Gwaggo Dije, yayar maƙwabcinmu ce, wadda ta san ƙullin kowane namiji a unguwar kamar yadda ta san fuskarsa. Ita ke kwance igiyar jinka, wata mai ƙuruciya ta shiga. Ba sa ɗaukar dami ko ɗaya, don maza dami suke ƙirgawa. Kwance kowane dami suke yi, su zare zangarniya kaɗan, Gwaggo Dije ta mayar da ɗaurin yadda mai shi ya yi. Iri kuwa ba a taɓa shi ko yunwa za ta kashe su. Abin da aka fitar ana raba shi ne bisa yawan bakin da ke gida, mai jego da mai majinyaci su fara ɗauka, mai rumbun ita ce ta ƙarshe. Da kaka kuma, kowace takan ɗebo daga gayaunarta, ƴar gonar da take nomawa da kanta, ta zuba a tarin gidan da aka ci nasu kafin a ɗaure. Wadda aka kama ta kai rabonta kasuwa, an cire ta shekara guda, amma ƴaƴanta za su ci a gidan wata. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne tsarin maganarsu. Mafi ƙanƙanta ke farawa, a yi ta hawa har a kai kan tsofaffi, don kada yarinya ta ji bakin babba ta haɗiye nata. Inna ce ke magana a ƙarshe. Matar nan da na sani da “to” da “Allah ya kai mu” a gaban Baba, na ji ta tana yanke hukunci cikin jimla biyu, mata goma suna cewa haka ne. Na ji kunya, na kuma ji wani alfahari da ban taɓa jin irinsa ba.

Na rubuta shafi ashirin, kuma har yau ban sake rubuta abin da ya kai su ba. Na san wannan aikin zai fi na kowa a aji, na san za a buga shi. Sai dokar Mushe ta faɗo mini. Saura kwana ɗaya in koma, suna zaune a rumfa, na yaye labule na fito da kaye a hannu. Wata ta saki ƙwarya, gyaɗa ta watse. Na durƙusa na gaishe su, na ce aikin makaranta ne, kuma an ce sai na karanta musu. Sai na fara. Da na kai ƙarshe, Gwaggo Dije ce ta fara magana, duk da ba layinta ba ne.

“Yo ɗan nan ko aljani! Komai ya kwashe. Sai dai ka yi ƙarya wuri ɗaya, ƙullin ubanka ba shi ne mafi wuya ba. Na ƙanena ya fi shi mugunta.”

Aka yi ƴar dariya, ban da Inna.

“A ina ka ji wannan?”

“A ɗaki, Inna.”

“Laɓe ka yi wa iyayenka.”

Na sunkuyar da kai.

“Ina za a kai ta?”

Na gaya musu gaskiya: malamina zai karanta, in ta yi kyau a buga ta littafi, a kai azuzuwan yaƙi da jahilci. Na ga fuskokinsu sun sauya, don uku daga cikinsu mazansu na zuwa ajin bayan kasuwa in sun dawo. Na yi sauri na ce zan sake sunaye, zan sake sunan gari, ba wanda zai gane.

“Za ka sake rumbun?” in ji Inna. “Duk namijin da ya ji karatun nan, ko na Icirnawa ne ko na Ɗan Barto, in ya koma gida damin geronsa zai kwance ya duba. Kana tsammanin mu kaɗai ne?”

Sai ta juya ga mafi ƙanƙantarsu ta ce ta fara. A gabana suka yi shawarar, bi da bi, kamar ba na wurin. Biyu sun ce a bar yaro ya kai, ai gaskiya ce, kuma ya kamata duniya ta san wahalar da suke sha. Ɗaya ta yi kuka, ta ce in mijinta ya ji, ranar za ta kwana gidan ubanta. Da aka zo kan Inna, ta dubi ƙasa tsakanina da ita.

“Ba mu yarda ba.”

“Inna, in ban kai ba na faɗi. Shekarar ta tafi. Kin san abin da Baba ya ce.”

“Na sani. In babu mu duka, ka rubuta. Yanzu tashi ka ba mu wuri.”

Kwana biyu ake yi a mota daga Damagaram zuwa Yamai a lokacin, kuma duk tsawon hanyar nan Shaiɗan na kujerar kusa da ni. Wa zai sani? Mushe ba zai hau mobilet ɗinsa ya zo Matameye tambaya ba. Kalma ɗaya ce, “sun yarda”, shi ke nan. Ga shi ni ba gwani ba ne a sauran darussan, da kyar nake tsallakewa, in babu makin nan ba zan kai ba. Na tuna kafaɗar Baba, na ce ai don shi zan yi. Wallahi har na shiga biro ɗin ban san abin da zan faɗa ba. Kayen na cikin jakata, hannuna a kansa.

“Ka koma?”

“Na koma, Mushe.”

“Ka samo wani abu?”

“Na samo.”

Idonsa ya yi haske, ya miƙo hannu, sai kuma ya tsaya.

“An karanta musu?”

“An karanta.”

“Sun yarda?”

Ba jarumta ce ta hana ni ƙarya ba, kada ku ɗauka haka. Fuskar matar nan da ta yi kuka ce ta tsaya mini a ido, na kasa kawar da ita.

“Ba su yarda ba.”

Ya janye hannunsa a hankali ya ajiye a kan gwiwa. Na buɗe baki zan yi masa bayani, don in ya ji ko zai tausaya, sai ya dakatar da ni.

“Kada ka gaya mini. Sun hana ni ji, ba kai kaɗai suka hana kawowa ba.”

Na roƙe shi. Na ce ya karɓi takardar farko, ta mai unguwa, ai ita an yarda da ita, ko rabin maki ya ba ni.

“Kai ka yarda da abin da ke cikinta yanzu?”

“A'a.”

“To, ni in sa hannu a kan abin da mai shi bai yarda da shi ba?”

Ya jawo takardar maki, ya rubuta sifili a gaban sunana, ina kallo. Na ga hannunsa bai so ba, amma ya rubuta. Sannan ya miƙe ya raka ni har bakin ƙofa, abin da bai taɓa yi wa ɗalibi ba, ya kama hannuna da hannu biyu.

“Ka gaida mutanen gida. Ka ce wani malami a Yamai yana gaishe su da girmamawa.”

A ranar na tsane shi, ba zan ɓoye ba. Na yi wata guda in na hango mobilet ɗinsa sai in sake hanya. Sai daga baya na auna abin. Mutumin da ya fi kowa son sani, ga abin da ya aike ni nema a cikin jaka taku biyu daga hannunsa, ya ƙi taɓawa. Mun zauna da shi lafiya har ƙarshen ransa, na sha shayi a gidansa ba adadi, ya halarci sunan babbarku, amma ko da wasa bai taɓa tambayata me ke cikin kayen nan ba. Na yi shekara talatin da biyar ina koyarwa, kuma duk ranar da na so in yi wa ɗalibi ha'inci don in sauƙaƙa wa kaina, shi nake tunawa in ji kunya.

Sakamako ya fito, na faɗi. Na iso gida damina ta kankama, Baba ya dawo daga Kano, ya shigo daga gona da laka a ƙafa. A zaure na gaya masa. Ya tambaye ni ko ciwo na yi, na ce a'a. Ya tambaya ko wani ne ya zalunce ni, na ce a'a. Ya ce to me ya faru? Na ce ban kai wani aiki ba. Ina jin motsin Inna a bayan zana, ta daina daka. Na so ya zage ni, na so ya ɗaga hannu, da ya fi mini sauƙi. Shi kuwa sai ya zauna a kan dakali ya daɗe yana kankare lakar ƙafarsa da tsinke.

“Birni ya yi maka daɗi ke nan,” ya ce. “Ba komai. Shekara guda ce, kafaɗar za ta kai.”

Daga nan labarin ƙwallo da silima ya samo asali, ƙannena mata suka ƙara masa gishiri. Inna ba ta ce mini komai ba a ranar, ba ta kuma ce ba washegari. Na ji haushinta, ina ganin kalma ɗaya daga bakinta za ta wanke ni. Amma na san ba aurenta kaɗai ke hannunta ba. Abin da na lura kawai, duk damanar nan ba ta ƙara cin abinci sosai ba, kuma ta rame har wuyanta ya fito.

Aka yi kaka, Baba ya ɗaure rumbu, ya ɗauki sandarsa ya tafi. Ni na koma Yamai na sake zama a ajin Mushe Tanimu tare da ƴan ajin da ke bayana, na sake jin tambayar ragon Layya. Wannan karon na rubuta a kan masu lambu a fadama da yadda suke raba ruwan rijiya, suka yarda, na ci. Amma kafaɗar ba ta kai ba. Wajen ƙarshen rani wani abu ya goce masa a cikinta yana tsakiyar hawan bene da ruwa. Bai dawo ba sai da ruwa ya sauka, ya ƙarasa ranin a kafaɗar hagu. Tun daga nan hannunsa na dama bai ƙara ɗaguwa sama da kunnensa ba har ya bar duniya. Kun tuna yadda yake sa hula da hagu, kuna dariya kuna kwaikwayonsa. Shekarata ce a hannun nan.

Aka tura ni koyarwa a wata kolej a Damagaram, na fara ɗaukar albashi. Da kaka na zo gida taya shi shigar da gero. Mun jera dammuna yana ƙirgawa, maƙwabta suka taya mu kifa jinka, suka watse. Saura ɗauri. Ya ɗauki igiya ya taka tsani, ya gwada miƙa hannu, ya kasa. Ya sake gwadawa. Sai ya sauko ya miƙo mini igiyar ba tare da ya dube ni ba.

“Hau ka ɗaure. Zan gaya maka yadda ake yi.”

Na hau. Yana ƙasa yana cewa zagaya, sake zagayawa, shigar ta ƙasa, fito da ita ta hagu. Ni kuma don in nuna masa na zama namiji, na taka jikin rumbu na ja igiyar da iyakar ƙarfina.

“Kai, sassauta.”

“Kada iska ta ɗauke, Baba.”

“Iska ba ta taɓa ɗauka ba. Sassauta, hannun Dije ya tsufa.”

Na ƙame a kan tsani. Ya juya yana kallon wajen gona, yana murza kafaɗa, ya ci gaba da magana kamar da kansa yake yi.

“Tunda bana ina gida, zan riƙa cin kasuwar Dungu. Wuni nake yi in na je, ba na dawowa sai magariba. Ka gaya wa uwarka ta san ranar.”

“Baba, ashe ka sani?”

“Na san me?” Ya ɗago kai ya dube ni ido cikin ido. “Ni dami nake ƙirgawa, kuma kullum cif nake tarar da su. In wani ya zo ya faɗa mini wani abu a gaban mutane, wannan kuma dole in yi abin da maza ke yi. Allah ya sa ba a taɓa samun mai surutun ba.”

Ban sani ba ko ya gane dalilin faɗuwata, har yau ban sani ba. Maganar ta zo mini har maƙogwaro, na dubi hannun nan da ke rataye a gefensa, na haɗiye ta. Na kwance ƙullin na sake ɗaurawa sako-sako, ina yi ido na cika da ruwa, har sai da ya ce ya isa haka.

“Sauko,” ya ce, “rana na yi.”